Kunne Ba Ya Auna Matsi: Magana Kan Bindigar Gadi a Gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya san Kura ya san gari ne na awo. Shinkafa da kwano ake sayar da ita, taki da buhu da mudu, maganin feshi da murfin kwalba. Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ma rabonsa ake yi tsakanin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kowane sashe da ranarsa. Manomin wannan yanki zai iya ɓata da dillali a kan rabin kwano, kuma yana da gaskiya. Abin mamaki shi ne, abu guda da kuskurensa ke cire yatsu ko ya tsiyaye ido, wato albarushin da ake ɗura wa bindigar gadi da ta korar tsuntsu, shi aka bar wa kintace. Ana zubawa a tafin hannu, a duba, a ce ya isa, ko a ce a ɗan ƙara don ta yi amo.

Abin da nake son kafawa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Babu mutumin da zai iya sanin ƙarfin matsin da ke cikin bindiga ta hanyar ji da kunne, ko bugun da ta yi masa a kafaɗa, ko don ta yi shekaru ba ta fashe ba. Wanda duk ya ce ya iya, yana yaudarar kansa, kuma sau da yawa ɗan wani ne ke biyan kuɗin yaudarar da hannunsa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen

Albarushi idan ya kama wuta, rikiɗewa yake yi ya zama iska mai tsananin zafi, wadda ke neman fili ninkin ba ninkin wanda garin albarushin ya cika. Iskar tana tura kowane ɓangare da ƙarfi iri ɗaya: tana tura harsashi gaba, tana tura gindin bindiga baya zuwa fuskar mai harbi, tana tura bangon bututu zuwa hannun hagunsa da ke riƙe da shi. Duk aikin bindiga ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato harsashi ya riga bango da gindi sakin hanya. Ranar da bango ya riga harsashi, ranar ce ake cewa bindiga ta fashe. Wannan tsere kuwa ana gama shi cikin 'yan kason dubu na daƙiƙa, kafin ƙarar ta gama isa ƙwaƙwalwar mai harbi balle ya yi mata hukunci.

Domin mai karatu ya ji nauyin abin, ya tuna gejin mai faci. Tayar ƙaramar mota ana yi mata iska wajen 30 zuwa 35. A kan wannan ma'aunin dai, iyakar da masana'antun Amurka suka yanke wa harsashin bindigar farauta mai baza ƙwayoyi, samfurin da ake kira 12, ita ce 11,500. Ta harsashin .308 Winchester, wanda mafarautan ƙasashe da yawa ke amfani da shi, 62,000 ce, kusan ninki dubu biyu na abin da ke cikin tayar mota. Bindigar gargajiya mai baƙin albarushi ba ta kai can, amma ita ma lissafinta a dubbai yake. Mun yarda taya, mai iska 35, tana buƙatar geji, har muna yi wa yaron da ya ƙwanƙwasa ta da hannu ya ce ta yi dariya. Amma bututun da ke ɗaukar dubbai a kusa da fuskar mutum, shi mun yarda a auna shi da kunne.

Darasi daga masu ɗura harsashinsu da kansu

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da doka ta yarje wa su ɗura harsashin bindigarsu a gida. Suna tattara kwanson da suka harba, su gyara shi, su sake cika shi. Suna da sikeli mai auna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, suna da na'urar auna gudun harsashi, suna da littattafan awo na kamfanoni irin su Hornady da Lyman da Speer. Bindigoginsu na ƙarfe ne da aka narka musamman don wannan aiki. Idan akwai wanda ya cancanci ya ce ya san matsi da ido, su ne.

To su ma sun daɗe suna muhawara a kan abin da suke kira alamomin matsi: ƙwayar da ke kunna wuta a gindin kwanso ta baje, ko kwanso ya maƙale ya ƙi fita da sauƙi, ko wani tabo mai ƙyalli ya fito a gindinsa. Abin da ɗakunan gwaji suka nuna shi ne waɗannan alamomi ba su da amana. Sau da yawa ba sa bayyana sai bayan an riga an wuce iyaka, wani lokaci kuma su bayyana saboda wani dalili dabam, kamar laushin tagullar kwanson. Ganin alama gargaɗi ne a tsaya, rashin ganinta kuwa ba shedar lafiya ba ce. Shi ya sa ƙa'idar masu hankali a cikinsu ita ce a fara daga ƙasa, kada kuma a taɓa haura abin da aka gwada aka buga a littafi, ko da bindiga ta nuna kamar za ta ɗauki ƙari.

Su wane ne suka gwada, kuma da me? Da farko ana amfani da ɗan guntun jan ƙarfe da ake sakawa a jikin bututun gwaji, a harba, a auna yadda matsi ya danne shi. Yanzu an koma ga na'urorin lantarki da ke zana yadda matsi ya hau ya sauka. Ƙungiyar SAAMI ta masana'antun Amurka, wadda aka kafa a 1926, da hukumar CIP ta ƙasa da ƙasa, wadda ta samo asali a birnin Liege na Beljiyam a 1914, su ke yanke iyakar kowane samfurin harsashi. A ƙasashen da ke ƙarƙashin CIP, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, an harba mata harsashin da aka ƙara wa matsi da gangan, a duba ko ta kumbura ko ta tsage, sannan a buga mata hatimi. Ga dogayen bindigogi masu harsashi guda, ƙarin ya kai kashi 25 cikin 100 a kan iyakar aiki.

Ga inda maganar ta dawo gida. Mutumin da ke da sikeli da littafi da ƙarfe mai hatimi ya amince ba zai iya karanta matsi da idonsa ba. Mai gadin gonar shinkafa a Kadawa, da bututun da bai san asalinsa ba da albarushin da aka sayar masa a ƙulle a leda, da wane ilimi zai karanta shi?

Gonar ruwa maƙiyiyar bindiga ce

A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati, don haka irin wancan ɗuri na Amurka ba namu ba ne. Namu shi ne bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, da ake ɗurawa ta baki. A ita, kowane harbi ɗuri ne na hannu. Mai ita shi ne masana'antar harsashi, shi ne ɗakin gwaji, kuma shi ne abin gwajin.

Yanayin gonakin noman rani yana ƙara wa lamarin muni ta hanyoyi da yawa. Toka da dattin da baƙin albarushi ke bari a cikin bututu suna jan laima, laima kuma na haifar da tsatsa, tsatsar na cin bango daga ciki inda ido ba ya gani, yayin da waje ke sheƙi da mai. Bindigar da ake jinginewa a kunya ko a bakin magudanar ruwa bakinta na iya shan laka, kuma 'yar laka kaɗan ta isa ta mayar da bututu rufaffen tulu. Wadda aka rataye a bukkar gadi tun girbin bara, zanzaro na iya yin ɗakinsa na yumɓu a cikinta. Albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkirin kamawa, mai bindiga ya zaci ta ƙi tashi, ya sauke ta ya leƙa, ko ya manta cewa a ɗure take ya sake ɗura wani a kai. Idan kuma aka ɗura ba a tura kayan har ƙasa ba, aka bar fili tsakanin albarushi da harsashi, wannan kaɗai na iya kumbura bututu ko ya tsaga shi. A duk waɗannan, yawan albarushin na iya zama daidai da na jiya, amma matsin ya zama wani abu dabam.

Sai kuma maganar ƙarfen kansa. Bututun da aka yi don ɗaukar ruwa ko don wani sashe na mota, ba a yi shi don wannan aiki ba. Da yawa daga bututun ruwa naɗe ƙarfe aka yi aka yi masa walda a tsawonsa, wannan ɗinkin kuwa shi ne inda yake da rauni. Ƙarfe yana gajiya. Kowane harbi yana buɗe 'yar tsagar da ba a gani kaɗan, har ranar da ɗurin da aka saba da shi zai ƙarasa ta. Saboda haka maganar nan ta “shekara goma ina harba ta” ba ta ba da kwanciyar hankali ko kaɗan. Shekara goman ce ta kusantar da ranar.

Mafi muni duka shi ne haɗa albarushin zamani da bindigar gargajiya. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, shi ne a cikin harsasan zamani, kuma ɗabi'arsa dabam take: gwargwadon yadda matsi ke hawa, gwargwadon yadda yake ƙara saurin ci, sai matsin ya sake hawa. Ƙari kaɗan na iya haifar da tashin da ya fi ƙarin nesa ba kusa ba. Kamfanonin da ke ƙera bindigogin baƙin albarushi da ƙarfe mai inganci suna buga gargaɗi a jikin bututun cewa kada a kuskura a zuba irin wannan a ciki. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye a bindigar toka don ta yi ƙarfi, gurneti ya ɗora a kafaɗarsa.

Jan-baki da tseren ƙara

Me ke sa a ƙara albarushi tun farko? A gonar shinkafa da alkama, babban dalili shi ne tsuntsu. Jan-baki guda na iya cin hatsi kimanin giram 10 a rana, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, garke yake zuwa kamar hadari. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya ga shinkafarsa ta fara nono, ba wanda zai zarge shi don ya tsorata. Sai dai tsuntsu yana sabawa da ƙara. Harbin da ya tashe shi ranar Asabar, ranar Talata sai ya matsa kunya biyu ya sake sauka. Sai mai kora ya ga mafita ɗaya, wato ya ƙara amo, hanyar ƙara amo kuwa ita ce ƙara albarushi da danna toshiya. Haka ake hawa mataki-mataki, kowane mataki yana kafa hujja da cewa na baya bai yi komai ba. Tsuntsun na ci gaba da sabawa, ƙarfen kuwa ba ya sabawa da komai. A wannan tsere bututu ne ke fara sarewa.

Akwai kuma alfahari. A tsakanin samari, bindigar da ta fi tsawa ita ce bindiga, mai ita kuma shi ne namiji. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata manyan mafarauta su kashe da bakinsu, domin su ake ji.

Hujjojin masu kare al'adar

Za a ce iyaye da kakanni sun yi amfani da ita. Gaskiya ne, bindiga tsohuwa ce a Kano. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowarta daga Nupe zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne farkon wanda ya kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. Har gobe ƙararsu na cikin kwalliyar hawan sallah. Amma tarihin yana da wani shafi. Bindigogin da Turawa suka riƙa jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma zamanin cinikin bayi, waɗanda sunan 'yan kasuwar Denmak ya bi su har yau a Turancin Najeriya, da yawansu masu araha ne da suka yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai su. Su Turawan sun san matsalar a gida, shi ya sa Landan ta sami hukumar gwajin bindiga tun 1637, Birmingham kuma ta sami tata da dokar majalisa a 1813. Maƙeran Birmingham da kansu suka nemi a kafa ta. Ƙwararrun da suka fi kowa sanin ƙarfe su ne suka ce a zo a gwada aikinsu, domin sun san ido da guduma ba sa ganin cikin bango. Girmama sana'ar maƙera ke nan, kuma irin girmamawar da namu maƙeran suka cancanta.

Za a ce ƙaddara ce, wanda zai rasa hannu zai rasa. Wannan manomin dai da ke faɗar haka ba ya barin shinkafarsa ga ƙaddara, yana feshi, yana sa taki, yana kwana gadi. Malamai sun sha bayani cewa dogaro ga Allah ba ya soke riƙo da sababi. Laya da maganin ƙarfe kuwa, ko me mutum ya yarda da shi game da su, ba su taɓa ƙara wa bangon bututu kauri ba.

Za a ce ai ana gwadawa, ana ɗaure sabuwar bindiga a jikin bishiya, a cika ta, a ja kunama da igiya daga nesa. Wannan ya fi gwadawa a kafaɗa, amma ba gwaji ba ne. Ba a san matsin da aka ba ta ba, ba a auna bututun kafin da bayan harbi ba, ba a leƙa cikinsa da na'ura ba. Mai yiwuwa ma wannan harbin ne ya fara tsagar da za ta buɗe bayan wata uku.

Za a ce, kuma wannan ce hujja mafi nauyi, talaka ba shi da wata kariya. Ɓarayin injin ban-ruwa da na amfanin gona gaskiya ne, rashin tsaro a Arewa gaskiya ne, kuma ɗan sintirin ƙauye da abin da ya samu yake fita. Ban raina wannan ba. Amma wannan hujja ce ta a tabbatar abin da ke hannunsa ba zai juyo kansa ba. Makamin da zai iya cire hannun mai gadi a daren da ake buƙatarsa ya gaza a aikin da aka saye shi dominsa.

Inda alhaki ya rataya

Yanzu ga masu karanta wannan shafi. Da yawanmu manoman ƙarshen mako ne. Ma'aikacin banki, malamin jami'a, likita, ɗan kasuwar Kwari, an kama eka biyu ko biyar a Kura ko Bunkure, ana tura kuɗin taki ta waya, ana zuwa ranar Asabar a ga yadda shuka ta yi. Mu ke ɗaukar mai gadi, mu ke biyan yaran korar tsuntsu. Mun san sunan irin shinkafar da aka shuka da farashin buhun yuriya, amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa tambayar abin da ke rataye a bukkar gadinsa? Idan ta fashe, mai gona zai kai yaro Asibitin Ƙashi na Dala, ya biya kuɗin aikin farko, ya ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Yaron kuwa zai ƙare rayuwarsa da hannun da ba ya riƙe fartanya, a yankin da fartanya ce abinci. Wanda ya ci ribar ƙarar yana da kaso a alhakin fashewar.

Abu na farko da ke hannunmu shi ne mu cire bindiga daga korar tsuntsu gaba ɗaya, mu faɗa da baki tun ranar ɗaukar aiki, musamman inda yara ne ke korar. Raga, igiya mai gwangwanaye, majajjawa, da haɗa kai da maƙwabta a shuka lokaci guda don ɓarnar ta rarrabu, duk suna da wahala da tsada, amma babu wanda ke cire yatsa. Babban garken jan-baki kuwa dama ya fi ƙarfin bindiga, aikin hukuma ne da ke bin sa har makwancinsa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke zama da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kan rabon ruwa da yashe magudanai, za su iya sa wannan cikin ƙa'idojin sashensu kamar yadda suke sa na ruwa.

Na biyu yana wuyan gwamnati. Dokar 1959 ba ta yi kamar bindigar toka ba ta wanzu ba. Ta ware mata rukuni na musamman, ta kuma ba da damar a ba mutum izinin ƙera ta da gyara ta. Abin da muka yi shi ne mun bar ta a tsakiya: ba mu hana ta da gaske ba, ba mu kuma tsara ta ba. Ƙasar da ke da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, da sashen injiniyanci a Jami'ar Bayero, da Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021, ba ta rasa ilimin kafa wurin gwaji ba. A yi wa maƙeran da doka ta yarda da su rajista ta hannun sarakunan maƙera, a yi wa mafarauta da 'yan sintiri ta hannun sarakunan baka da hakimai, bindigar da ta ci gwaji a buga mata hatimi da lamba, wadda ta faɗi a yanka ta a gaban mai ita. Masu tsoron cewa wannan halatta makami ne su lura: bindiga mai lamba ana iya bin sawunta, marar lamba ce ke ɓacewa a daji. Asibitoci kuma su riƙa rubuta raunin fashewar bindiga a matsayinsa, dabam da raunin harbi, domin matsalar da ba a ƙirga ta ba ta samun kasafi.

Kafin wannan ya tabbata, ƙa'idar da ta rage mai sauƙi ce, ko da ba ta da daɗin ji. Bindigar da ba a san ƙarfenta ba, ba a san albarushinta ba, ba a taɓa gwada ta da na'ura ba, babu wani awo nata da za a kira amintacce, kuma babu dattijon da zai iya ba ka shi. Damina na tafe, shinkafa za ta yi nono, jan-baki zai sauko. Mai gona ya leƙa bukkar gadinsa tun yanzu.